Shuka Wiwi A Gida Da Sunan Magani: Ina Gaskiyar Take?

Garin Kalgo, wanda ke kusa da Birnin Kebbi, yana da manyan wurare biyu da suka sa sunansa ya fita a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne babban asibitin gwamnatin jiha, inda ake kai marasa lafiyar da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci. Na biyu kuwa shi ne mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a shekarar 2013, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. A ɗaya akwai masu jinya waɗanda wahala ta kai su ga karɓar kowace shawara. A ɗayan kuma akwai samari masu wayoyin hannu, waɗanda kullum suke cin karo da labarin cewa Turawa sun mai da tabar wiwi magani, har ma a wasu ƙasashe mutum yana shuka ta a tukunya a bakin tagarsa ba mai ce masa uffan.

Idan waɗannan labarai biyu suka haɗu a gida ɗaya, watau ga ɗa mai karatu ga kuma uwa ko ƙane a kwance, ba wuya a ji wani ya ce, to, me zai hana a dasa gindi biyu ko uku a bayan ɗaki? Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba dukan mai yin ta ne ɗan iska ba. Saboda haka ya kamata a amsa ta da hujja, ta fuskar likita da ta doka da ta addini, musamman a ƙasar Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, inda kuma ba a saba karɓar magana ba sai da dalili.

Da farko dai ya kamata a sani cewa wiwi ba ta cikin tsofaffin magungunan Hausawa irin su sabara da marke da tafasa da ɗaurayen kalgo. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa na Nijeriya, Tolani Asuni da Adeoye Lambo, waɗanda suka yi rubutu a kanta a shekarun 1964 da 1965, sun danganta yaɗuwarta da ma'aikatan jiragen ruwa da kuma sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau manyan gonakinta suna cikin dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun, daga can ne ake loda ta a ɓoye a yo Arewa da ita. Abin da manomin Gwandu da na Kalgo ya sani mai irin wannan ganye shi ne rama, wadda ake kwaɗo da ita ana kuma tufka igiya. Ganyen wata ramar yana rarrabuwa kamar yatsu, har baƙon da bai san gona ba yakan ɗauka wiwi ce, alhali kuwa ba dangin iya ba na baba. Rama 'yar uwar yakuwa ce, ba ta bugar da kowa.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Maganar cewa akwai magani a jikin wannan tsiro ba ƙarya ba ce. Tun a shekarar 1839 wani likita ɗan ƙasar Ayalan mai suna O'Shaughnessy, wanda ke aiki a Kalkata ta Indiya, ya ba da rahoton gwajin da ya yi da ita a kan masu ciwon gaɓoɓi da masu sandarewar jiki. Daga baya likitocin Turai suka yi watsi da ita, babban dalilinsu kuwa shi ne ba sa iya sanin ƙarfin abin da suke bayarwa. Kwalba ɗaya ta yi aiki, ta biyu ta zama ruwa, ta uku kuma ta kwantar da mutum. Mai karatu ya riƙe wannan dalili, domin shi ne tushen maganar duka.

Sai a shekarar 1964 ne wasu masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka tace sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC. Akwai kuma wani sinadarin da ake kira CBD, wanda ba ya bugarwa. Ban da waɗannan biyu akwai 'yan uwansu fiye da ɗari a cikin tsiron. Da aka iya raba su ne aka sami damar auna su, da aka auna su ne kuma aka sami magunguna na sosai. A shekarar 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar Marinol domin tsai da aman da ke damun masu ciwon daji idan ana yi musu ƙarin ruwan nan mai zafi. A 1992 aka ƙara yarda a ba masu ƙanjamau ita domin buɗe musu ciki. A 2010 Ingila ta amince da Sativex, wanda ake fesawa a baki, saboda wata cutar jijiyoyi mai sandarar da gaɓoɓi. A 2018 kuma Amurka ta amince da Epidiolex, ruwan CBD tatacce, domin wasu irin farfaɗiya biyu masu tsanani da ke kama ƙananan yara, waɗanda sauran magunguna ba su cika yi musu aiki ba.

A shekarar 2017 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto bayan ta duba taƙaitattun bayanan bincike fiye da 10,000. Ta sami hujja mai ƙarfi a wurare uku kacal: ciwon da ya daɗe a jikin manya, da aman masu ciwon daji, da sandarewar gaɓoɓin da aka ambata. Sauran cututtukan da ake lissafawa a intanet, hujjarsu ko dai mai rauni ce ko kuma babu ita sam. Babu wani gwajin da ya nuna cewa wiwi tana warkar da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Tana iya rage amai, amma ƙarin da ke cikin nono ko mahaifa yana nan yana girma, kuma kowane wata da aka ɓata ana jiƙa ganye a gida wata ne da aka rage daga damar da likitan tiyata yake da ita.

Sai kuma amosanin jini, watau sikila, wanda ya fi shafar gidajenmu, tun da Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu shi, ana kuma ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a kowace shekara. Wanda ya taɓa kwana da yaro mai wannan ciwo a lokacin hunturu, yana kururuwa yana cewa a sare masa ƙafa ya huta, ba zai yi mamakin iyayen da suka kai ga neman kowane irin taimako ba. An gwada wiwi a kan wannan ciwo. A shekarar 2020 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a San Faransisko a kan manya 23 masu sikila, aka ba su tururinta na kwana biyar, a wani zagayen kuma aka ba su wanda ba shi da sinadarin ba tare da sun sani ba. Bambancin raɗaɗin da aka samu bai kai yadda masu binciken za su ce aikin maganin ne ba. Gwajin ƙarami ne, ba a ce an rufe babin ba, amma dai abin da ke hannu ke nan.

Haka maganar hawan jinin ido. Gaskiya ne tana sauke shi, har ma a Jamaika an taɓa yin maganin ɗigawa daga gare ta. Sai dai saukin ba ya wuce sa'o'i uku zuwa huɗu, ciwon kuwa yana bukatar tsaro dare da rana, watau sai mutum ya wuni ya kwana a buge kafin ya tsare idonsa. Shi ya sa likitocin ido ba su ba da shawararta.

Tukunyar Bayan Ɗaki

Dukan magungunan da aka ambata a sama suna da abu ɗaya da ya haɗa su: an san abin da ke cikin kowane cokali. Epidiolex, alal misali, ana auna shi ne da nauyin yaro, ana kuma ɗibar jininsa lokaci lokaci domin a duba hanta, saboda maganin yana iya taɓa ta, musamman idan an haɗa shi da wani maganin farfaɗiya. Wanda ya dasa iri a bayan ɗaki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Irin da zai samu daga hannun dillalai yake fitowa, su kuwa dillalai abin da ya fi bugarwa suke nema, watau mai yawan THC mai ƙarancin CBD, kishiyar abin da yaro mai farfaɗiya yake bukata. Ƙarfin tsiro ɗaya ya bambanta da na kusa da shi, na damina ya bambanta da na rani. A Amurka, inda ake auna wadda aka kama, an ga ƙarfin THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Wiwin da sojan Bama ya sani da wadda ake sayarwa yau sunansu ne kawai ɗaya.

Wanda ya ce shi ba zai busa ba, dafawa zai yi ya zuba a shayi ko kunu, ya shiga wani hatsarin dabam. Hayaƙi yana kai wa ƙwaƙwalwa cikin mintoci, abin da aka haɗiya kuwa yakan ɗauki sa'a ɗaya ko biyu kafin a ji shi. Mai jinya ya ga shiru sai ya ƙara, ya sake ƙarawa, daga nan duk su taso wa majinyaci a lokaci ɗaya da bugun zuciya da firgita da ruɗewa. Bugu da ƙari ganyen da aka shanya aka adana yakan yi fumfuna, wadda ke iya kama huhun mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ne kuwa masu ciwon daji da ƙanjamau da ake cewa za a taimaka wa.

Babban abin tsoro shi ne ƙwaƙwalwa. Rahoton nan na 2017 da ya tabbatar da amfaninta, shi ne kuma ya sami hujja mai ƙarfi cewa shan ta yana da alaƙa da taɓin hankali mai tsanani, da hatsarin mota, da haihuwar jarirai marasa nauyi. A shekarar 2019 wani bincike da aka yi a wurare goma sha ɗaya a Turai da Barazil ya nuna cewa mai shan ta kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba hatsarin kamuwa da taɓin hankali kusan ninki uku, idan kuwa mai ƙarfin ce, kusan ninki biyar. An daɗe ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, a cikin waɗanda suka fara tun suna matasa kuwa ɗaya cikin shida. Gidan Bahaushe ba gidan mutum ɗaya ba ne. Tsiron da aka dasa domin kaka, samari goma ne za su riƙa wucewa ta gabansa safe da yamma, kuma ba kakar ce za a kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba.

Abin Da Doka Ta Tanada

A nan babu wani lungu da mai shuka zai fake. Tun a 1935 Turawan mulki suka sa wiwi cikin dokar miyagun ƙwayoyi. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta kafa doka mai lamba 19, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai shuka, da shekara 10 ga mai sha. An sassauta ta a 1975, aka sake tsanantawa a 1984. A ƙarshen 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha Da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, da doka mai lamba 48, wadda ita ake aiki da ita har yanzu. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shukawa, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita ko yana sha. Sashe na 12 kuma ya hau kan mai gidan da ya bari aka ajiye ko aka sarrafa ta a gidansa, ɗaurinsa yana iya kai shekara 25. Dokar ba ta ce gona ba, ba ta ce kadada ba, ba ta kuma keɓe mai jinya ba. Alƙalai sukan sassauta a ƙananan laifuffuka, amma sassauci ba wanke laifi ba ne. Ma'aikacin gwamnatin da Babbar Kotun Tarayya ta Birnin Kebbi ta samu da laifi ya sa aikinsa da fanshonsa a bakin wuta, ɗalibi kuma ya sa karatunsa.

Masu cewa ai duniya ta canja suna da gaskiya, sai dai sukan karanta rabin labarin. A ranar 2 ga Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafiya hatsari na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Kuma cirewar ba ta halatta ta ba, an bar ta a wani jerin da ake sa wa ido sosai. Lesoto ta fara ba da lasisin noma ta domin magani a 2017, Zimbabuwe ta bi a 2018, Maroko a 2021. Gana ta yarda da irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A duk waɗannan ƙasashe lasisi ake yanka wa kamfanoni da ƙungiyoyin manoma, ana auna abin da suka noma. A wasu wuraren da aka yarda mutum ya shuka a gida, kamar Afirka ta Kudu bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2018, da Jamus tun 2024 inda aka ƙayyade gindi uku, hujjar da aka kafa ta 'yancin mutum ce da rage kasuwar bayan fage, ba wai likitoci ne suka ce tukunyar gida ta zama kantin magani ba. Tailan kuwa, wadda ta saki abin a 2022, ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita.

A nan gida ma an yi ta kai da kawowa. A 2019 gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya tafi Tailan tare da shugaban NDLEA na wancan lokaci domin ganin yadda ake noma ta don magani, ya dawo yana kira a halatta. An gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, a 2023 aka jingine maganar bayan muhawara mai zafi. Janar Buba Marwa, wanda ya karɓi shugabancin hukumar a 2021, ya sha kafa hujja da binciken da aka fitar a 2019, wanda ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A 2025 ya nuna cewa hukumar ba ta ƙi a duba fitar da man wiwi zuwa waje a ƙarƙashin tsaro ba, amma ba ta yarda a sha shi a cikin ƙasa ba.

Ta fuskar addini kuwa, Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, malamai kuma ba yau suka fara duba wannan ganye ba. Malam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya raba abubuwan da ke taɓa hankali kashi uku, mai sa maye da mai ɓata hankali da mai sa barci, ya sa hashisha a kashi na biyu. Ibn Taimiyya ya fi shi tsanantawa, ya haɗa ta da giya. Sun saɓa a kan irin hukuncin da za a yi wa mai sha, ba su saɓa a kan hana abin da ke gusar da hankali ba. Malamai sun yarda da lalura, shi ya sa ba wanda ya hana allurar barci a ɗakin tiyata. Amma lalura tana da sharuɗɗa: amintaccen likita ne zai faɗa, a rasa wani maganin da zai maye gurbinsa, a kuma tsaya a gwargwadon bukata. Mai tukunyar bayan ɗaki ba shi da na farko, ba shi da hanyar cika na uku.

Sharaɗi na biyun ne ya kamata ya dami hukumomin lafiya, domin a nan ne gaskiyar mai jinya take. Magungunan suna nan a duniya, kuma halal ne a dokar ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suna samun magungunan da aka saba da su, waɗanda yawancinsu masu araha ne. Ga mai sikila akwai haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon, an kuma gwada shi a kan yara a Kano aka ga amfaninsa wajen kare su daga shanyewar jiki. Ga mai ciwon daji da ya yi nisa akwai ruwan mofin na sha, wanda ya fi wiwi ƙarfi nesa ba kusa ba wajen kashe raɗaɗi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Matsalar ita ce isowarsu hannun talaka. Mofin yana bukatar rajista da ma'aji mai kulle da ma'aikacin da aka horar, wasu ma'aikatan kuma tsoron rubuta shi suke yi. Mutumin ƙauyen Gwandu da ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Kalgo ko Sakkwato, aka ce masa babu, ba zai koma gida ya zauna ya zuba wa mahaifiyarsa ido tana kuka ba. Wani zai sayi taramol a bakin kasuwa, wani ya nemi zaƙami, wani kuma ya saurari ɗan makarantar da ya ce ya gani a waya.

A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi cikin kwana ɗaya bayan wani rahoton BBC ya tona yadda yake cin matasa. Irin wannan hanzari ne ake bukata a ɗaya ɓangaren, a tabbata cewa kantin maganin kowane babban asibiti a Masarautar Gwandu yana da mofin da haidiroksiyuriya da maganin farfaɗiya a kan kanta, da ma'aikacin da ya san awonsu, da kuma ranar asibiti ta musamman da mai sikila zai zo a duba shi tun kafin sanyin Disamba ya shigo.